Shirun da Na Yanke

Duk sanda aka turo mini sababbin malamai in koya musu koyarwa ta intanet, ba a rasa ɗaya da zai jingina da kujera ya harɗe ƙafa ya ce, "Malam, ai ba wani abu ba ne. Ka kunna waya ka yi magana, shi ke nan." Ni ba na musu da irinsu. Ɗakin ɗaukar darasi nake kai shi, in zaunar da shi gaban kyamara, in ce ya yi mini bayanin rabi da kwata na minti goma, sannan in fita in ja ƙofa. Ba a minti uku sai ka ji ya fara gyaran murya. Kafin na biyar ya maimaita "to, kamar yadda na faɗa" sau huɗu, alhali bai faɗi komai ba. In ya fito yana share gumi sai in ce, "Sannu da aiki, ai ba wani abu ba ne." Daga nan muke fara karatu.

Ni sunana Habu, haifaffen unguwar Shahuci a cikin birni. Shekara ashirin da huɗu na yi ina riƙe da alli a wata kwalejin horar da malamai, kafin kwalejin ta buɗe sashen karatu daga nesa domin malaman firamare na ƙauyuka masu son ƙara takarda ba tare da sun bar aji ba. Da aka zo zaɓen waɗanda za a tura sashen sai shugabanmu ya nuna ni, dalilinsa kuwa wai ya taɓa ganina ina gyara rediyona da wuƙa. Wannan ita ce duk shaidar da nake da ita a harkar na'ura ranar da na fara.

Wadda ta koya mini aikin sa'ar 'yata ce, Malama Bilkisu. Bidiyona na farko na ɗauka ina jin kaina, na kawo mata. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta mayar da shi farko ta nuna mini agogon da ke ƙasa.

"Baba, minti huɗu ka yi kana gaisuwa."

"To, a shiga wa mutane ba sallama?"

"Ka yi sallama, ka tambayi lafiya sau ɗaya. Gajiya da iyali da sanyi ka bar su sai kun haɗu. Mutumin nan datarsa ce take ƙonewa kana tambayarsa ya yara."

Na ji haushi ranar, har na ce a raina yarinyar nan ba ta da ta ido. Amma gaskiya ta faɗa. Ita ce ta liƙa mini ɗan jan maɓalli a saman idon kyamara ta ce shi zan riƙa kallo, domin ni fuskata nake kallo a gilashin, ɗalibi kuwa sai ya ga kamar ina magana da wani a bayansa. Ita ta hana ni ƙananan rubutu. Ta ɗauko wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi daga jakarta ta ce, "Wannan ce allonka yanzu. Abin da bai karantu a nan ba, ba ka rubuta shi ba." Shekara biyu na yi a ƙarƙashinta, sannan ta sami aiki a wani gari ta tafi, aka ce ni zan riƙa horar da sauran malamai. Tsohuwar wayar ta bar mini, har gobe da ita nake gwada kowane darasi.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Makirfo ɗan mitsitsi ne da ake maƙalawa a wuyan riga, kuma ba ya shiri da shadda mai sitaci, kana motsi zai ɗauki ƙarar kamar ana taka busasshen ganye. Tsohuwar riga mai laushi ita ce rigar aiki. Farar hula tana ƙwace haske ta bar fuska a duhu. Fanka dole a kashe ta, ko da watan zafi ne, don haka tawul ma kayan aiki ne. Ɗakin da kwalejin ta ware mana na siminti ne, murya tana bugun bango ta dawo, sai na gwada soron gidanmu na gado a Shahuci, mai katangar ƙasa mai kauri. Ashe ƙasa tana shanye amsa-kuwwa fiye da duk wani abu da ake sayowa. Tun daga nan na kwashe kayana na dawo gida, na sa ƙaramar sola saboda ɗauke wuta.

Sai dai cikin gari ba ya yin shiru don wani yana ɗaukar darasi. Akwai mai tallan ruwa, akwai tattabarun maƙwabci, akwai babur ɗin da sai ya zo daidai tagata yake tuna yana da oda. Babbar matsalata ita ce injin markaɗen Hajiya Ladidi da muke katanga ɗaya. Na je har gida na yi mata bayani, ta saurare ni da kyau ta ce, "Malam Habu, wato kai kaɗai kake zama a ɗaki kana surutu, shi ne aikin?" Na ce shi ne. Ta yi dariya har da tafa hannu, amma ta yarda ta riƙa kashe injin daga hantsi zuwa sha ɗaya da rabi. Wannan ɗan tsakanin, yara suna makaranta, maza sun fita kasuwa, shi ne lokacin aikina.

Ɗalibaina kuwa, yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Na san wani Malam Isiyaku da ke koyarwa a wani ƙauye inda sabis ba ya kaiwa, sai ranar kasuwa yake hawa babur zuwa bakin titi ya sauke darussan mako gaba ɗaya. Saboda irinsa nake matse kowane bidiyo ya zama mara nauyi. Na san muryarsa, na san yana fara kowane saƙo da "Allah ya gafarta Malam", amma da zai wuce ni a hanya ba zan san shi ba. Sau ɗaya tak wani ya taɓa gane ni, ina cinikin barkono a kasuwa, ya juyo ya ce, "Wannan murya ta Malam Habu ce." Muka gaisa a tsaye, ya tafi. Na yi kwana uku ina ba iyalina labarin.

Ga abin da ba a faɗa muku a taron bita. Aikin nan akwai kaɗaici. A da, in na fito daga aji akwai ɗakin malamai, a ci ƙosai, a yi gardamar ƙwallo, wani ya ari jan birona ya hana. Yanzu abokan aikina sunaye ne a cikin guruf na waya, sai a yi wata ba wanda ya ji tarin wani. Ina gama darasi in kashe kyamara, babu hayaniyar jan benci, babu mai biyo ni da tambaya har bakin ƙofa. Sai in zauna ina jiran Hajiya Ladidi ta tayar da injinta, don in ji motsin mutum.

Yayi kuwa na ga iri-iri. Da saƙon murya muka fara. Aka ce a'a, aji kai-tsaye shi ne ci gaba, kowa ya shigo lokaci ɗaya, muka yi ta fama da "Malam ba ma ji" har aka gaji. Sai aka koma gajerun bidiyoyi. Yanzu kuma ga na'urar da za ka ba ta rubutu ta karanta da muryar mutum, har ta amsa tambaya. Kowane yayi da taron bitarsa yake zuwa, da sabuwar takardar cikewa. Ban raina ko ɗaya ba, kowanne na koya kuma na koyar. Amma shekarar da ta fi yi mini muni a sana'ar nan ba na'ura ce ta jawo ta ba, hannuna ne.

Bayan shekarar da aka kulle gari saboda annoba, ɗalibai suka yi mana yawa, kwalejin ta ce kowane darasi sai an mayar da shi bidiyo, aka kuma kafa kwamitin inganci. Kwamitin ya fito da takardar awo: kada bidiyo ya wuce minti takwas, kada a yi shirun da ya wuce daƙiƙa uku, haske kaza, rubutu kaza. Malamin da bidiyonsa bai haye ba, za a karɓe darasinsa a ba wani. Ni aka ɗora wa horar da su, ni kuma zan sa hannu cewa sun cika sharaɗi.

Cikin waɗanda aka turo mini akwai Malam Tijjani na unguwar Gwammaja, malamin lissafi, wanda ya girme ni a aiki da shekara shida. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma darasi ɗaya ya rage a hannunsa, lissafi na 'yan shekarar farko. In aka karɓe shi, sai dai ya riƙa zuwa ofis yana sa hannu yana komawa gida, mutumin da tun yana saurayi bai taɓa wayar gari ranar aiki ba shi da aji ba. Ban taɓa ganin mai koyar da lissafi kamarsa ba. A zaure ya fara karatu wurin mahaifinsa, kuma salon zaure ya kawo aji. Zai faɗi mataki ɗaya, ya yi shiru, ya bi fuskoki da kallo har sai ya ji "na'am". Ba kowace na'am yake karɓa ba, sai ta fito daga bencin baya, inda masu nauyin fahimta suke ɓuya. Ɗalibai suna kiransa Malam Sannu-sannu a bayan idonsa, kuma ajinsa ne ba a faɗuwa.

Ranar da ya fara hawa sorona, ya zauna gaban kyamara ya gyara hula, ya faɗi jimlar farko, ya tsaya. Ya kalli jan maɓallin. Ya kalle ni. Ya sake faɗin jimlar, ya sake tsayawa.

"Habu, wannan abin ba ya amsawa."

"Ba ya amsawa, Malam. Ka ɗauka suna nan."

"Ina ɗauka. Amma ban san ko sun gane ba, ta yaya zan wuce?"

Kwana uku muna haka, ba mu sami minti biyu masu kyau ba. A rana ta huɗu sai dabara ta zo mini. Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin kyamara inda ba za a gan ni ba, na zauna na tanƙwashe ƙafa, na ce, "Malam, ni ne bencin baya." Ya faɗi mataki na farko, ya yi shiru. Na bari har na bi lissafin a kaina, sannan na ce, "Na'am." Sai ga Malam Tijjani ya dawo. Murya ta buɗe, har da 'yar zolayar da yake yi in ya zo wurin aro a lissafin ɗebewa.

Mako goma sha biyu muka yi muna ɗauka, kuma ba zan ɓoye muku ba, su ne makonnin da na fi jin daɗi tun da na shiga sashen. Yakan iso da hantsi da gurasarsa a leda, mu yi aiki har injin markaɗe ya tashi, sannan mu ci mu yi hirar mutanen da muka yi aiki da su, wa ya rasu, wa ya koma noma. Soron ya zama kamar ɗakin malamai na mutum biyu.

In ya tafi sai in zauna yankan bidiyo. Kowane darasi yana kaiwa minti goma sha tara ko ashirin, takarda kuma ta ce takwas. Da na duba sai na ga maganar Malam ba ta da yawa, shirun ne ya cinye lokacin. Na ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Na bi na cire duk na'am ɗina, na cire duk shirun da ke gabanta, na haɗe jimla da jimla har ba ka ganin wurin ɗinki. Ko kalma ɗaya tasa ban taɓa ba, kuma ina alfahari da hakan. Kwamfutata ba ta da wuri, don haka duk mako in na gama sai in goge na asalin in sami inda zan zuba na gaba. Na ce wa Malam ya zo ya gani, ya ce, "Ni ko madubi sai ranar Juma'a. In ka ce ya yi, ya yi." Na sa hannu, kwamiti ya duba ya yaba, har aka nuna bidiyonsa a taron bita a matsayin abin koyi.

Ƙarshen zango aka yi jarrabawa, aka yi mummunar faɗuwa a lissafi, irin wadda ba a taɓa yi a hannunsa ba. Takardun ƙorafin ɗalibai suka zo, kusan duk magana ɗaya: Malam yana sauri. Da na karanta sai da na yi dariya, wai Malam Sannu-sannu ne yake sauri. Dariyar ba ta yi nisa ba. Na kira Malam Isiyaku ranar kasuwarsu, na tambaye shi yadda suke kallon darasin.

"Allah ya gafarta Malam, mu biyar ne a nan, waya ɗaya ce mai kyau. In an tashi yara sai mu jingina ta a taga mu zauna a benci. Kafin mu rubuta layin farko ya shiga na uku."

"To, me ya hana ku tsayar da shi? Ai taɓawa ɗaya ce."

Ya ce, "Malam yana tsakiyar magana? Wa zai miƙa hannu ya katse shi? Mukan bari ya gama, mu sake daga farko. Sai dai ko sau uku muka sake, a wuri ɗaya yake wuce mu."

Ni da na tashi a garin nan, na yi zaman zaure, na san ba a katse malami, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ɗauka maɓallin tsayarwa yana hannun kowa. Ashe shirun da na bi na tsince ɗaya bayan ɗaya, a cikinsa ɗalibi yake rubutu, a cikinsa yake bin lissafin, a cikinsa na kusa da shi yake raɗa masa abin da ya kuɓuce. Malam ya san ba za su tsayar da shi ba, shi ya sa yake tsayar da kansa. Garin neman gira na rasa ido.

Na je wurin shugaban kwamiti na faɗa masa komai. Mutumin kirki ne, ya saurare ni, sannan ya jawo fayil ya nuna mini sa hannuna. Ya ce bidiyo ya cika kowane sharaɗi, don haka abin da ya rage shi ne bayanin malami. Ya ce in kawo na asalin a gani. Na ce na goge. Ya ce ko da ban goge ba, minti ashirin ba zai haye ba, kuma an riga an ba wani matashi darasin, jadawali ya fita. Na rubuta takarda, na sake rubutawa, ba ta canja komai ba. Abin da kawai na iya shi ne a nawa aikin. Tun daga lokacin, duk malamin da ya biyo ta hannuna sai na koya masa ya faɗi mataki ya tsaya, ya ƙirga bakwai a zuci yana kallon maɓallin, ko kuma ya ce da bakinsa, "Ku tsayar da ni a nan, na ba ku izini." Takardar awo har yanzu daƙiƙa uku ta ce, duk zango ana rage mini maki a kan haka, ni kuma ina karɓa.

Malam Tijjani bai neme ni ba, ni ma na yi mako biyu ina jan ƙafa. Ranar wata Asabar bayan la'asar na hau adaidaita zuwa Gwammaja. Na same shi a zaurensa shi kaɗai, ya baza littattafan lissafi a tabarma yana jera su cikin kwali. Muka gaisa, ya sa aka kawo ruwa. Na faɗa masa abin da na yi tun daga farko, ban rage komai ba. Sai ya miƙo hannu.

"Mu gani."

Na buɗe masa darasi na huɗu a tsohuwar wayar. Ya sa tabarau, ya riƙe ta nesa da fuska. Mutumin da ke ciki yana ta zuba, mataki na bin mataki, ko numfashi ba ya ja. Ina kallon leɓen Malam yana motsi yana bin lissafin, can sai na ga leɓen ya tsaya. Shi ma bai taɓa gilashin ba, ya bari har minti takwas ɗin suka cika. Ya cire tabarau ya ninke, ya miƙo mini wayar.

"Wannan malamin ya san lissafi," ya ce.

"Malam, ka yafe mini. Mu sake ɗauka, ko ba da sunan kwaleji ba."

Ya girgiza kai, ya ɗauki wani littafi ya sa a kwali.

"Na yafe maka, Habu, ai taimakona ka yi niyya. Amma kwamiti ba su yi zalunci ba. Da ɗana ne a ajin mutumin nan, da ni ma na cire shi. Ba ya jiran kowa."